Amos Alonzo Stagg

Amos Alonzo Stagg (16 ga Agusta, 1862 – 17 ga Maris, 1965) ɗan wasa ne kuma mai horar da 'yan wasa ɗan ƙasar Amurka, wanda aka fi saninsa da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a matakin jami'a. Ya horar da ƙungiyar Makarantar YMCA da ke Springfield daga 1890 zuwa 1891, da ta Jami'ar Chicago daga 1892 zuwa 1932, sannan ta Kwalejin Pacific daga 1933 zuwa 1946. A matsayinsa na babban koci ya ci wasa 314, an doke shi a 199, an tashi canjaras a 35. Ya kuma horar da 'yan wasan besbol da ƙwallon kwando da guje-guje da tsalle-tsalle. Yana cikin mutanen farko da suka mayar da horar da 'yan wasa sana'a ta dindindin a jami'o'in Amurka, kuma da yawa daga cikin dabarun da ake amfani da su a wasan har yau ana danganta asalinsu da shi. Bai bar filin horo ba sai da ya tsufa sosai, ya kuma rasu yana da shekara 102.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Stagg a garin West Orange na jihar New Jersey, lokacin da ake tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Shi ne na biyar a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma, kuma gidan na talakawa ne, saboda haka tun yana yaro yake yin 'yan ƙwadago domin samun kuɗin makaranta. Ya gama sakandare a garin Orange da ke maƙwabtaka da su a 1883, sannan ya yi shekara guda a makarantar Phillips Exeter ta jihar New Hampshire domin cike gurbin darussan da ake buƙata kafin shiga jami'a. A can ma cikin ƙuncin rayuwa ya yi karatu.

A 1884 ya shiga Jami'ar Yale da niyyar zama malamin addinin Kirista. Ya kammala digirinsa a 1888, ya ci gaba da karatun addini a jami'ar har zuwa 1890.

Shekarunsa na ɗan wasa a Yale

A Yale wasan besbol ne ya fara fito da sunansa. Shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar jami'ar, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta lashe gasar kwalejoji sau biyar a jere. A wani wasa da Princeton a 1888 ya fitar da masu bugu 20 da jifarsa. Ƙungiyoyin ƙwararru da dama sun yi masa tayin albashi mai tsoka, duk ya ƙi, duk da cewa yana cikin buƙata. Dalilinsa shi ne wasan ƙwararru a wancan zamani ya cuɗanya da caca da shan giya, kuma a ganinsa wasa don kuɗi yana ɓata tarbiyyar da ya kamata wasa ya koyar. Wannan ra'ayi bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙwallon ƙafa kuwa yana buga gefen layin gaba. Yana cikin ƙungiyar Yale ta 1888 wadda Walter Camp ya jagoranta, ƙungiyar da ta ci dukkan wasanninta 13 ba tare da an ci ta ko maki ɗaya ba. Da aka fara fitar da jerin gwanayen 'yan wasan kwalejojin Amurka a 1889, sunan Stagg na cikin mutum 11 na farko da aka zaɓa.

Ƙwallon ƙafa ta Amurka ta bambanta da ƙwallon ƙafar da aka sani a sauran duniya. Asalinta daga wasan rugbi na Ingila take, ƙwallon doguwa ce mai kama da ƙwai, kuma galibi da hannu ake ɗaukarta a ruga da ita. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, burinsu su kai ƙwallon bayan layin abokan hamayya, su kuma abokan hamayyar su kayar da mai riƙe da ita. A zamanin da Stagg ya fara wasa dokoki ba su gama daidaita ba, ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, kuma 'yan wasa ba su da hular kariya. Wasan ya fi kama da turereniya tsakanin tarin mutane biyu.

Springfield

Stagg ya gano cewa ba shi da baiwar magana a gaban jama'a, abin da aikin wa'azi ba ya yiwuwa sai da shi. Sai ya yanke shawarar cewa zai fi yi wa matasa amfani a filin wasa. A 1890 ya koma makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts, yana ɗalibi kuma yana koyarwa. Makarantar ƙarama ce, ɗalibanta ba su da yawa, amma ya haɗa ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga cikinsu, ya riƙa karawa da manyan jami'o'i.

Ɗaya daga cikin 'yan wasansa shi ne James Naismith, ɗan ƙasar Kanada, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a wannan makaranta a watan Disamba na 1891. Da aka yi wasan ƙwallon kwando na farko a bainar jama'a a watan Maris na 1892, tsakanin ɗalibai da malamai, Stagg ya buga wa malamai. Ɗalibai sun yi nasara da ci 5 da 1, kuma Stagg ne ya jefa ƙwallo ɗaya tilo ta malaman.

Jami'ar Chicago

William Rainey Harper, wanda ya koyar da Stagg a Yale, shi aka naɗa shugaban farko na sabuwar Jami'ar Chicago, wadda attajirin man fetur John D. Rockefeller ya ba da kuɗin kafa ta. Harper yana son sunan jami'ar ya bazu cikin gaggawa, kuma ya lura cewa ƙungiyar ƙwallo mai cin wasa tana kai sunan makaranta shafukan jaridu fiye da komai. Ya gayyaci Stagg ya shugabanci sashen motsa jiki da wasanni, da muƙamin malamin jami'a na dindindin da albashin dala 2,500 a shekara. Wannan sabon abu ne a lokacin, domin a yawancin jami'o'i ɗalibai ne ke tafiyar da harkar wasanni da kansu, kocin kuwa tsohon ɗalibi ne da ke zuwa ya taimaka na 'yan makonni ya tafi.

Jami'ar ta buɗe a watan Oktoba na 1892, Stagg ya fara atisaye nan take. 'Yan wasa sun yi ƙaranci har ta kai shi da kansa yana shiga fili yana bugawa a kakar farko. A ƙarshen 1894 ya ɗauki ƙungiyar a jirgin ƙasa har jihar Kalifoniya, tafiyar da ba a saba ganin irinta ba a lokacin. Sun doke Jami'ar Stanford da ci 24 da 4 a San Francisco ranar Kirsimeti, Stanford ta rama da ci 12 da nema a Los Angeles bayan kwana huɗu.

Chicago na cikin jami'o'in da suka kafa ƙungiyar wasannin jami'o'in yankin tsakiyar Amurka a 1896, wadda daga baya aka san ta da suna Big Ten. A ƙarƙashin Stagg, Chicago ta lashe gasar wannan ƙungiya sau bakwai: 1899, 1905, 1907, 1908, 1913, 1922 da 1924. Ana kuma lasafta ƙungiyoyinsa na 1905 da 1913 a matsayin zakarun ƙasa baki ɗaya.

Wasan da aka fi tunawa da shi a tarihinsa shi ne na ranar 30 ga Nuwamba, 1905, da Jami'ar Michigan. Ƙungiyar Michigan ta koci Fielding Yost ta yi wasa 56 a jere tun daga 1901 ba a doke ta ba. An shafe kusan dukkan wasan babu wanda ya samu maki. Can kusa da tashi, wani ɗan wasan Michigan ya cafe ƙwallon da aka bugo a bayan layin gidansu, ya yi ƙoƙarin fitowa da ita a guje, 'yan Chicago suka kayar da shi a bayan layin. A dokar wasan wannan maki biyu ne ga abokan hamayya, kuma da su Chicago ta yi nasara da ci 2 da nema. Tauraron ƙungiyar a wannan shekara shi ne Walter Eckersall, wanda ya shahara da gudu da bugun ƙwallo.

A 1913 aka sauya wa filin wasan jami'ar suna daga Marshall Field zuwa Stagg Field. A 1922 Princeton ta zo filin ta doke Chicago da ci 21 da 18, wasan da ke cikin na farko da aka watsa ta rediyo zuwa garuruwa masu nisa. A 1924 kuma Chicago ta yi canjaras 21 da 21 da Jami'ar Illinois ta shahararren ɗan wasa Red Grange, a kakar da ta zama ta ƙarshe da Stagg ya ɗauki kofi a Chicago.

Gyaran dokoki da sababbin dabaru

A 1905 ƙwallon ƙafa ta Amurka ta shiga mawuyacin hali. 'Yan wasa da dama sun mutu a wannan shekara sakamakon raunukan da suka ji a fili, wasu jami'o'i suka soke wasan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar gwamnati ya nemi a yi gyara. Wannan ne ya kai ga kafa hukumar da a 1910 ta koma NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in Amurka har yau. Stagg ya shiga kwamitin tsara dokokin wasan tun 1904, ya kuma daɗe a cikinsa. A 1906 kwamitin ya halatta jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cunkoson 'yan wasa a wuri guda, kuma Stagg na cikin masu horarwa na farko da suka tsara dabaru iri-iri a kan sabuwar dokar.

Daga cikin abubuwan da ake danganta masa akwai buhun da ake ratayewa 'yan wasa su koyi kayar da abokin hamayya a kansa ba tare da sun raunata juna ba, da taruwar 'yan wasa wuri guda su yi shawara kafin kowane hari, da sa wani ɗan wasa ya fara motsi kafin a taɓa ƙwallo domin rikita masu tsaro, da miƙa ƙwallo ga wanda ke gudu ta ɗaya ɓangaren domin juya akalar hari. Ana kuma ambatonsa cikin waɗanda suka fara sa lamba a rigunan 'yan wasa, da ba 'yan wasan da suka yi fice harafin sunan makaranta su liƙa a riga a matsayin girmamawa. Masana tarihin wasanni sun yi saɓani a kan wasu daga cikin waɗannan, domin a wancan zamani masu horarwa da yawa suna gwada abubuwa masu kama da juna a lokaci guda. A 1893 shi da Henry L. Williams sun wallafa littafin koyar da wasan, wanda ke cikin na farko da suka nuna dabarun hari da zane-zane. A 1927 ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa.

Sauran wasanni

Stagg ya kawo ƙwallon kwando Chicago daga Springfield. A watan Janairu na 1896 Chicago ta kara da Jami'ar Iowa ta ci 15 da 12, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin wasan farko tsakanin jami'o'i da aka yi da mutum biyar-biyar, tsarin da ya zama doka daga baya. Daga 1917 zuwa 1930 ya riƙa shirya gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare daga sassan ƙasar a Chicago, abin da ya taimaka wajen daidaita dokokin wasan tsakanin jihohi. Ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar a kakar 1920 zuwa 1921.

Ya horar da ƙungiyar besbol ta Chicago kusan shekara 20, kuma ana danganta masa kejin raga da masu bugu ke atisaye a ciki. Ya shafe shekaru masu yawa yana horar da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle. Ya kasance ɗan kwamitin Olamfik na Amurka na tsawon lokaci, kuma yana cikin masu horar da tawagar guje-gujen Amurka a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris na Faransa.

Halayensa da sukar da aka yi masa

Stagg ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar, kuma ya hana 'yan wasansa duk waɗannan. Ya ɗauki aikin koci a matsayin tarbiyya, kamar yadda ya so ya yi a coci. An san shi da gaskiya har ta kai an taɓa amincewa ya yi alƙalancin wasan da ƙungiyarsa ke ciki. Ya yi adawa mai tsanani da ƙwallon ƙwararru da ta fara bunƙasa a shekarun 1920, yana ganin za ta janye ɗalibai daga karatu zuwa neman kuɗi.

Sai dai tarihin nasa bai rasa tufka da warwara ba. Shi da ke wa'azin wasa ba don kuɗi ba, shi ne kuma ya gina harkar da ke tara wa jami'a maƙudan kuɗi daga tikitin shiga fili. Gasannin sakandare da yake shiryawa sun zama hanyar jawo yara masu hazaƙa zuwa Chicago. Masanin tarihi Robin Lester, a littafinsa na 1995 kan ƙwallon ƙafa a Jami'ar Chicago, ya nuna daga takardun jami'ar cewa an riƙa sassauta wa wasu taurarin 'yan wasa ƙa'idojin karatu a zamanin Harper da Stagg. Misalin da aka fi kawowa shi ne Eckersall, wanda aka bar shi yana wasa duk da raunin karatunsa, aka kuma sallame shi daga jami'ar bayan kakarsa ta ƙarshe a 1906 ba tare da digiri ba. Wannan takaddama, tsakanin karatu da kuɗin da wasanni ke kawowa, har yau ba ta mutu ba a jami'o'in Amurka.

Barin Chicago

Bayan 1924 ƙungiyar Chicago ta fara ja da baya. Jami'ar ta tsaurara sharuɗɗan karatu, ɗalibanta na digirin farko ba su kai yawan na manyan jami'o'in gwamnatocin jihohi ba, kuma ƙwallon ƙwararru ta fara janye 'yan kallo a birnin. A 1929 Robert Maynard Hutchins ya zama shugaban jami'ar, mutumin da ke ganin manyan wasanni suna kawar da hankalin jami'a daga aikinta. Da Stagg ya cika shekara 70 a 1932, aka yi amfani da dokar ritaya aka sauke shi daga aikin koci bayan kaka 41. An yi masa tayin wani muƙami na girmamawa, ya ƙi karɓa saboda yana son ci gaba da horarwa. Clark Shaughnessy ne ya gaje shi.

A ƙarshen 1939 jami'ar ta soke ƙwallon ƙafa gaba ɗaya, sai a 1969 ta dawo da ita a ƙaramin mataki. A ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta yammacin Stagg Field, wadda ta zama kango, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da injin nukiliya na farko a duniya ranar 2 ga Disamba, 1942.

Kwalejin Pacific da shekarun ƙarshe

A 1933 Stagg ya koma Kwalejin Pacific, ƙaramar makaranta a garin Stockton na jihar Kalifoniya. A 1938 ya kai ƙungiyarsa Chicago, ta doke tsohuwar jami'arsa da ci 32 da nema a filin da ke ɗauke da sunansa. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kwalejin ta samu ƙarin 'yan wasa daga cikin matasan da rundunar sojan ruwa ke horarwa a harabarta. Ƙungiyar ta ci wasa bakwai, ta faɗi biyu, kuma ƙungiyar masu horarwa ta Amurka ta zaɓi Stagg gwarzon kocin shekara yana da shekara 81.

Bayan kakar 1946 Pacific ma ta nemi ya koma muƙamin mai ba da shawara. Nan ma ya ƙi, ya tafi Jami'ar Susquehanna a jihar Pennsylvania, inda ɗansa Amos ƙarami ke koci. Sun yi aiki tare daga 1947 zuwa 1952. Jami'ar ta nemi a ƙara wasanni 21 da aka ci a waɗannan shekaru cikin lissafin uban, amma NCAA ba ta amince ba, domin a takardu ɗan ne babban koci. Rashin lafiyar matarsa ya sa ya koma Stockton, inda ya ci gaba da koyar da masu bugun ƙwallo a Kwalejin Stockton daga 1953.

Iyali

A 1894 Stagg ya auri Stella Robertson, ɗaliba a Jami'ar Chicago. Sun haifi 'ya'ya uku: Amos ƙarami da Ruth da Paul. Stella ta zama abokiyar aikinsa, tana zama a wurin 'yan jarida tana rubuta yadda kowane hari ya gudana, tana kuma zuwa kallon wasannin abokan hamayya ta kawo masa rahoto. 'Ya'yansa maza biyu duk sun buga wasa a ƙarƙashinsa a Chicago, kuma duk sun zama masu horarwa a kwalejoji. Stella ta rasu a 1964 bayan kusan shekara 70 da aure. Stagg ya bi ta ranar 17 ga Maris, 1965, a Stockton.

Girmamawa

Da aka buɗe zauren girmama fitattun ƙwallon ƙafa na kwalejoji a 1951, an sa Stagg a rukunin farko ta fuska biyu, ɗan wasa da kuma koci. A 1959 ya shiga rukunin farko na zauren girmama fitattun ƙwallon kwando mai ɗauke da sunan Naismith. Yawan nasarorinsa 314 ya daɗe ana ɗaukarsa mafi yawa a manyan kwalejoji, har sai da Bear Bryant na Jami'ar Alabama ya wuce shi a 1981.

Ƙungiyar masu horar da ƙwallon ƙafa ta Amurka tana ba da lambar yabo da sunansa ga waɗanda suka yi wa wasan hidima. Tun 1973 wasan ƙarshe na rukuni na uku na NCAA, rukunin makarantun da ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa, yake ɗauke da sunansa. Daga baya an sa wa kofin zakarun Big Ten ma sunansa. Akwai makarantun sakandare masu sunansa a Stockton da kuma Palos Hills a jihar Illinois, kuma an sa wa ɗaya daga cikin manyan itatuwan sikoya na Kalifoniya sunansa. Daga cikin 'yan wasan da ya horar waɗanda suka zama fitattun masu horarwa akwai Hugo Bezdek, da Jesse Harper wanda ya horar da Knute Rockne a Notre Dame, da Fritz Crisler wanda ya jagoranci Michigan ta zama zakarar ƙasa a 1947.